Jitar Da Aka Yi Wa Fentin Babur

Jita ta farko da na taɓa riƙewa ba ta da tsirkiya ko ɗaya, kuma warin kananzir take yi. A shagon maigidana Malam Garba ne, a bakin Sabon Gari cikin Kano, lokacin ina saurayi da aka kawo daga Makoda don in koyi gyaran rediyo da lasifika. Wani direban babbar mota ne ya zo da ita daga Legas, ya ce ta daina magana. Ni kuwa da ƙauyancina na ɗebo ruwan sabulu da soso, don a gidanmu abu mai dauɗa haka ba a yi masa komai sai an wanke shi tukuna. Malam Garba ya ƙwala mini gindin sukundireba a bayan hannu.

"Wa ya sa ka?" in ji shi. "Wannan dauɗar da kake gani, da ita ake saye."

Na ajiye soson ina ganin tsohon nan ya fara ruɗewa. Sai da na daɗe a ƙarƙashinsa kafin maganar ta zauna mini.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku samarin da kuke cika mini benci a ƙofar shago kowace yamma. Ina jin abin da kuke faɗa in na shiga ciki yin alwala. Wai sana'ar Baba Habu ai cin banza ce: ya sayi tsohuwar jita a hannun wanda bai san darajarta ba, ya fesa mata fenti, ya ɗauki hoto ya sa a waya, kuɗi su shigo. Har wani cikinku ya ce da zai samu jari, da ya kore ni daga kasuwa kafin kaka. To, Allah ya ba shi jarin. Amma kafin nan ya ɗan saurara.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba. Ƙarfen dalma, wanda a da a garwashi muke ɗora shi, da ƙananan sukundirebobi, da filaya, da mitar gwada waya, da wata tsohuwar amfilifaya mai tari da nake jin sauti da ita. Samfefa, takardar goge katako, akwai ta a shagon, amma tana can saman kanta inda sai na taka kujera zan ɗauko, kuma da gangan na ajiye ta can. Aikin jitar lantarki yawancinsa ba a gani. Waya ce ta tsinke a ciki, ko maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya yi sanyi, ko wuyan ya lanƙwashe saboda an jingine ta a ɗaki mai zafi. Sai ka ɗaga ta, ka kanne ido ɗaya, ka bi wuyan da kallo kamar mai duba miƙewar kunya a gona. In wuyan ya murɗe, kada ka saya ko nawa aka sallama maka.

Za ku ce wa ke sayen jita a ƙasar gero da gyaɗa? Kusan ba kowa. A nan ake samun ta, ba a nan ake sayar da ita ba. Mutanenmu sun yi yawon duniya, Legas, Agadas, Libiya, wasu suka dawo da ita a kafaɗa, suka yi aure, girma ya kama su, suka tura ta ƙarƙashin gado don kada surukai su gani. Ni nake bin ƙauyuka a babur daga Kunci har Zakirai, ina gyaran lasifikar masallaci, ina kasa kunne inda za a ce wane yana da wata aba a ɗaki. Masu saye kuwa kowa da halinsa. Masu kiɗan coci na Sabon Gari sauti suke bi, su taya, su tafi, su dawo. Yaran situdiyo ƙyalli suke so don ta fito a bidiyo, ko ba ta magana ba ruwansu. Sai Buzaye daga Nijar, su ne suka san abin da suke nema, kuma su ne ke biyan kuɗin kirki.

Na taɓa sayen wata 'yar Caina mai araha duk ta ɓaɓɓare, na bayar aka fesa mata shuɗi, wani yaron situdiyo ya saya da murna, na ci riba. Ba zan ɓoye muku wannan ba. Irinsu fenti ba ya rage musu komai, don dama ba su da abin ragewa. Amma tsohuwar jita ta asali, ƙirar Amurka ko Japan ta da, fentin da ta fito da shi shi ne shaidarta. Mai saye yana duba yadda ya tsattsage don kansa, da inda hannun makaɗi ya cinye shi, da sunan maƙera a kai, da lambar da ke bayan kan. Da su yake sanin shekarunta, da su yake sanin ba jabu ba ce, su kuma zai nuna wa wanda zai sayar wa gaba. Sabon fenti zargi yake jawowa. Me aka rufe? Karaya aka liƙe, ko ta sata ce aka ɓad da kamanninta? Ranar da aka fesa wa irin wannan fenti rabin kuɗinta ya tafi, in har an goge suna da lamba kuwa, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba.

Wahalar ita ce wannan magana ta saɓa wa duk abin da aka raine mu a kai. A wajenmu ba a kai abu kasuwa da tsufansa. Keke in za a sayar sai an yi masa fenti. Gadon ƙarfe, amalanke, tankin babur, duk haka. Ragon layya ma sai an wanke shi da sabulu. Mu a wurinmu mutunta mai saye ne, don miƙa wa mutum kaya da dauɗa kamar raini ne. Shi ya sa har yau ban iya jin haushin Malam Iliya, wanda zan ba ku labarinsa yanzu, ba.

Abin ya faru ne a bazarar da ta biyo bayan shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata, lokacin da aka rufe iyaka, annoba kuma ta sa aka hana taron biki. Buzaye ba sa shigowa, coci a rufe, situdiyo ba aiki. Jitoci na rataye a ɗakin ciki tsirkiyoyinsu na tsatsa, ni kuma na koma gona kamar ban taɓa koyon wata sana'a ba. Da abubuwa suka fara saki, cikin masu sayen da na sani mutum ɗaya ne ya sake nemana, wani Buzu mutumin Agadas mai suna Agali, makaɗi ne, kuma yana saye yana kai wa wasu can gaba.

Cikin wannan bazara Malam Iliya ya yi sallama a ƙofar shagona. Manomi ne daga wani ƙauye a bayan Kunci, dogo, mai ƙarancin magana. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, sannan ya ce shanun huɗarsa biyu ne, ɗaya ya ci leda cikinsa ya kumbura, ya mutu kafin a kawo wuƙa. Ko naman ba a mora ba. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da wannan ke nufi. Sa ɗaya ba ya jan garma. Mai hayar shanun wani kuwa sai masu shanu sun gama nasu, sun gama na 'yan'uwa da na masu hannu da shuni, kafin a waiwaye shi lokacin shuka ya wuce. Ga gida cike da ƙananan yara, kuma da huɗar da yake yi wa mutane yake sayen taki.

"An ce kana sayen irin abin kiɗan nan," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yayana marigayi ya bar wata. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, ita kaɗai ya bari."

Na goya shi a babur muka je. A rumbu ya ajiye ta, naɗe cikin buhu, an rataye ta sama saboda gara. Da ya kwance buhun sai da na nemi turmi na zauna. Ƙirar Amurka ce ta da, irin wadda a duk zamana da Malam Garba ban gani da yawa ba. Launinta ruwan zuma a tsakiya, yana duhu zuwa gefe. Fentin ya tsattsage siriri-siriri, a kafaɗarta kuma akwai inda ya koɗe har katako ya fito, wurin da damtsen yayansa ya yi ta gogawa a gidajen biki na Agadas. Suna yana nan a kai, ya dushe amma ana karantawa. Lamba ma tana nan.

Na gaya masa gaskiya, na ce wannan ta fi ƙarfin aljihuna, sai dai in yi masa dillanci, kuma in Allah ya yarda kuɗinta zai sayi horarren sa har a yi ragowar taki. Ya dube ni, ya dubi jitar, bai musa ba amma na ga bai yarda ba. Na ɗauki hotunanta na tura wa Agali, kafin in tashi ya turo murya yana cewa kada a nuna wa kowa, yana tafe. Na so in tafi da ita, Malam Iliya ya ce a'a, kayan gado ne, ranar ciniki zai kawo da hannunsa. Ban ga laifinsa ba, ranar ya fara sanina. Sai na tsaya a gaban rumbun na yi masa magana dalla-dalla.

"Malam Iliya, kada a wanke ta, kada a goge ta, kada kowa ya kusance ta da fenti. Yadda take ɗin nan, haka mai sayen yake so. Ka mayar da ita buhu ka ɗaure."

Ya ce, "To, na ji."

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar masallaci, kamar yadda kowa ke yi in babban ciniki ya taso masa. Dattawan wurin suka auna ta da abin da suka sani. Wani ya ce tunda yake bai taɓa jin inda tsohon abu ya fi sabo kuɗi ba. Wani ya ce ai dillali ne, so yake a kawo ta da tsufanta, shi da Buzun su haɗa baki su kushe ta, su saya da araha, su fesa mata fenti su ci ribar su kaɗai. Kuma ba daga sama suka ɗauko ba. Shi kansa Malam Iliya ya taɓa sayar da kekensa haka nan ba fenti, kasuwa ta zagayo ya gan shi yana ƙyalli a hannun dillali an kusa ninka kuɗinsa. Ba mugunta suka yi masa ba, kare shi suke yi daga gare ni.

Sai ya ɗauke ta ya kai wa Ɗanjuma, mai fentin babura da amalanke a Kunci. Ba shi da kuɗin biya, ya ɗebi irin gyaɗar da ya ajiye don shuka ya ba shi. Ɗanjuma kuwa ya yi aiki tsakani da Allah. Ya kwance duk abin da ke kwantuwa, ya bi jikin da samfefa har ya kai farin katako, ya cike ramuka. Ya ga rubutun kai ya dushe, ya share shi tas gaba da baya don aiki ya fita. Sannan ya fesa ja mai ƙyalƙyali irin na tankin babur, ya zana fure a kafaɗa. Da amalanke ce, da ni ma na yaba masa.

Ranar ciniki ta zo daidai da kasuwarmu ta Ɗambatta. Hadari ya fara haɗowa a gabas a kwanakin, kowa idonsa na sama. Agali ya iso da hantsi, ya zauna a tabarma da rawaninsa yana dafa shayi. Malam Iliya ya sauka daga mota cikin rigarsa ta Juma'a, buhu a kafaɗa, sabuwar igiya naɗe a hannu, don daga shagona kara zai wuce, wurin masu shanu, ya jawo sabon sa zuwa gida. Tun kafin ya kwance buhun warin fenti ya buge ni.

Ya zaro ta ya ɗora a tabarma a hankali, ya ja da baya yana murmushi irin na wanda ya fita kunya.

Agali ya daɗe yana kallo. Ya ciro waya ya dubi hoto, ya sake duban abin da ke gabansa. "Malam Habu, ba wannan ka turo mini ba."

Na ce ita ce. Na gane ta da kunnuwan ɗaure tsirkiya da maganaɗisunta.

"Gyara ta na yi," in ji Malam Iliya. "Ai ba zan kawo wa baƙo abu a haka ba. Har wurin da hannun Yaya ya cinye na sa an rufe, ba ka ko gane wurin."

Na ɗaura mata tsirkiya, na haɗa ta da amfilifaya, Agali ya karɓa ya kaɗa. Murya tana nan, wallahi, mai kauri mai daɗi, har masu facin taya na maƙwabta suka leƙo. Ya kaɗa, ya kaɗa, sannan ya kife tafinsa a kan tsirkiyoyin, ya juya kan ya shafa inda lamba take a da.

"Baba, ni na yarda ita ce, kunnena ya gaya mini," ya ce wa Malam Iliya. "Amma wanda zan kai wa ba da kunnena zai saya ba. Zai ce ina suna, ina lamba, ina fentinta. Me zan nuna masa? Yanzu sai dai in saya don kaina, in riƙa zuwa biki da ita."

Abin da ya taya bai wuce kuɗin ɗan maraƙin da aka yaye ba.

Malam Iliya ya dube shi, ya juyo ya dube ni, murmushin ya tafi. "Dama an gaya mini haka za ku yi," ya ce a hankali, ya mayar da ita buhu. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, amma tausayinsa ya fi ciwon yawa, don na ga sabuwar igiyar da ya zo da ita a hannunsa. Na ce ya kai ta Kano shi kaɗai, ya shiga duk shagon da ya ga dama, in an ba shi fiye da haka ya sayar.

Na san abin da za ku tambaya, don kowa shi yake tambaya: me ya hana a wanke jan fentin? A wanke a sami me? Na asalin ba ya ƙarƙashi, ya zama ƙura a ƙofar shagon Ɗanjuma. Waya in ta tsinke ina liƙewa, wuya in ya lanƙwashe ina miƙarwa, amma wannan babu mai mayar da shi, ko a inda aka ƙera ta.

Ya je Kanon. Ya yi ta yawo da buhu a kafaɗa a Sabon Gari, kowa ya ɗaga ta ya shinshina ya taya ƙasa da na Agali. Wani ma tambayarsa ya yi ina ya sato ta. Yana can ruwan farko ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Da ya dawo wurina duk ya faɗa. Agali bai riga ya koma ba, na kira shi, ya ƙara ɗan abin da ya iya, ni kuma na bar la'adata don hannuna ba zai iya karɓarta ba. Duk da haka abin da aka biya bai kai rabin kuɗin horarren sa ba. Malam Iliya ya sayi maraƙi, ya ce in Allah ya raya shi wata rana zai ja garma.

Da damina ta yi nisa aka kira ni gyaran lasifika a wani gari kusa da su, na ce bari in ratsa ta gonarsa. Hanya duk kore, geron mutane ya kai ƙugu, gyaɗa ta rufe kunya. Tasa gonar daga nesa ake gane ta. Gefe ɗaya an yi huɗa, kunyoyin gajeru, karkatattu, irin na hannu, sauran kuwa ciyawa ta cinye. Babban san yana ɗaure a gindin tsamiya yana tuƙa, ya yi ƙiba don rashin aiki, maraƙin na kwance kusa da shi. Malam Iliya na tsakiyar gona a sunkuye da garmar hannu.

Da ya gan ni ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ya taho. Ya miƙo mini gorar ruwa, muka gaisa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Malam Habu, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

Na ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na tambaye shi gyaɗa, ya ce irin bai isa ba, ɗan abin da ya saura ne ya shuka a gefen can. Na juya zan hau babur, sai ya kira ni.

"Kuna waya da Buzun nan da ya sayi jitar?"

Na ce muna yi.

"To don Allah ka ce masa ya riƙa rufe ta da zane in ba ya kiɗa. Ɗanjuma ya ce jan fenti ba ya son rana."

Na ce zan gaya masa. Ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya ɗauki garmar, ya koma kan kunyar da ya bari.